Wata goma sha biyar ana farautar kaskar zuma a New South Wales

Ranar 22 ga Yuni, 2022, aka tabbatar da abin da masu kiwon zuma na Ostireliya suka yi shekaru suna fargaba. A cikin amyoyin gadi da ke tashar jiragen ruwa ta Newcastle, a jihar New South Wales, an ga wata 'yar halitta ja mai duhu, shimfiɗaɗɗiya, faɗinta bai kai milimita 2 ba. Masana na ce mata Varroa destructor. Ni a nan kaskar zuma zan riƙa ce mata, don dangin kaska ce, ƙafafunta takwas, kuma sana'arsu ɗaya: a liƙe a jikin mai rai a ci.

Amyoyin gadi akwatunan zuma ne da hukuma ke ajiyewa da gangan a bakin manyan tashoshin ruwa, ana duba su lokaci-lokaci, don in baƙon ƙwaro ya sauko daga jirgi a fara ganinsa a nan. Sa-ido irin wannan a bakin tashoshi ya taɓa yin rana. A 2016 an kama wata 'yar'uwar wannan kaska, Varroa jacobsoni, a jikin ƙudan zuman Asiya a tashar Townsville, aka bi ta har aka ga bayanta. A 2018 ma an tare wani taron ƙudan zuma mai ɗauke da kaskar a cikin jirgin da ya sauka Melbourne, aka hallaka shi kafin ya bazu. Saboda haka da labarin Newcastle ya fito, mutane da yawa sun ɗauka wannan karon ma an kama ɓarawo a bakin ƙofa. Ashe ya daɗe da shiga ɗaki.

A lokacin, Ostireliya ce kaɗai nahiyar da ake kiwon zuma da kaskar ba ta kafu ba. Kaskar ta shiga Amurka a 1987, Ingila a 1992, Niyu Zilan a 2000. Wani abin ban mamaki shi ne, wanda ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yau ma'aikacin hukumar bincike ta Ostireliya ne, Denis Anderson, shi da John Trueman. A 2000 suka nuna cewa kaskar da ke kashe amyoyi a duniya nau'i ne dabam da wadda aka fara bayyanawa daga tsibirin Java a 1904. Ƙasar da ba ta da ita ce ta fi kowa saninta a takarda.

Yadda kaskar ke rayuwa

Ba za a fahimci abin da ya faru a New South Wales ba sai an san inda wannan halitta ke ɓuya, don a nan duk labarin ya rataya.

Asalin mai masaukinta ƙudan zuman Asiya ne, Apis cerana, kuma sun daɗe da sabawa da juna: a amyarsa kusan a guraben maza kaɗai take iya hayayyafa, shi kuma ya iya kakkaɓe ta. Da mutane suka kai ƙudan zuman Turai, Apis mellifera, gabashin Asiya, sai ta yi tsalle ta koma kansa a ƙarni na ashirin. Shi kuwa bai san ta ba, bai san yadda zai yi da ita ba.

Uwar kaska, wadda ta riga ta yi barbara, takan hau jikin ƙudan da ke renon tsutsa ta jira. In tsutsa ta isa rufewa, 'yan sa'o'i kafin ma'aikata su liƙe bakin gurbin da kaki, sai ta sauka ta nutse cikin ragowar abincin da ke ƙasan gurbin, ta yi lamo. An rufe ke nan da ita a ciki. Bayan kamar kwana uku ta saka ƙwan farko, namiji ne. Daga nan duk bayan kimanin sa'a 30 ta saka na mace. 'Ya'yan su girma suna ci ta ramin da uwar ta huda a jikin tsutsar, namijin ya barbari 'yan'uwansa mata a nan cikin gurbin, a nan kuma zai mutu. Ranar da sabon ƙuda ya fasa murfi ya fito, uwa da 'ya'yanta matan da suka balaga su fito tare da shi, kowace ta nemi wani gurbin.

Gurbin ma'aikaciya kwana 12 yake yi a rufe, na namijin ƙuda kuwa yakan kai 14 zuwa 15. Wannan ratar ta kwana biyu ko uku ba ƙarama ba ce a wajen kaska. A gurbin ma'aikaciya takan fitar da 'ya ɗaya, wani lokaci biyu. A na namiji biyu zuwa uku. Shi ya sa take ribibin guraben maza. In amya na da tsutsa ba yankewa, yawan kaskar kan ninka kusan duk wata, kuma a irin wannan lokaci mafi yawansu suna ƙarƙashin murfin kaki, inda ido ba ya kaiwa.

An daɗe ana cewa jinin ƙuda take sha. Binciken Samuel Ramsey da abokan aikinsa da aka buga a 2019 ya nuna kitsen cikin jikin ƙudan take ci, wani sashe da ke yi masa irin aikin da hanta ke yi wa mutum: ajiyar abinci, tace guba, kare jiki daga cuta. Ƙudan da aka ci wa wannan tun yana tsutsa yakan fito ba nauyi, ba ƙarfi, ba tsawon rai. Sai kuma ƙwayoyin cutar bairas da kaskar ke zurawa cikin jikinsa, musamman mai nakasa fiffike. A Hawai, inda kaskar ta shiga a 2007, masana sun ga wannan bairas ya tashi daga kusan amya ɗaya cikin goma zuwa kusan kowace amya. A ƙasashe da yawa shi ne ke ƙarasa amyar da kaska ta raunana. A nan Ostireliya ta yi sa'a ɗaya: gwaje-gwajen da aka yi a lokacin ba su gano wannan bairas a cikin kaskar da ta shigo ba.

Ja, shunayya, rawaya

Cikin 'yan kwanaki gwamnatin jihar ta hana motsa amya ko ɗaya a faɗin New South Wales. Sauran jihohi suka rufe iyakokinsu ga ƙudan zuma da kayan kiwonsa daga can. Duk inda aka ga kaska sai a zana da'ira uku a taswira. Da'irar ja, kilomita 10 daga wurin: duk amyar da ke ciki za a kashe ta, ko da kaska ko babu. Da'irar shunayya, zuwa kilomita 25: a bi amyoyi ana bincike. Da'irar rawaya, zuwa kilomita 50: kowa ya sanar da hukuma inda amyoyinsa suke.

Kisan kansa ba abin kallo ba ne. A jira ƙudaje su koma gida, a toshe ƙofa, a zuba fetur tururinsa ya kashe su. Wanda bai taɓa kiwon zuma ba zai ce ai ƙwari ne. Amma akwai mutanen da suka shekara ashirin, talatin, suna zaɓen sarauniya daga sarauniya har suka samu irin da ke da sanyin hali da yawan zuma, suka tsaya suna kallo aka kashe shi a dare ɗaya, alhali an bincika amyoyin ba a ga kaska ko ɗaya ba. An biya diyya, gaskiya ne. Diyya na sayen akwati da ƙudaje, ba ta sayen shekaru.

Amyoyin da ke da mai shi su ne masu sauƙi. Matsalar tana daji. Tun 1822 aka kawo ƙudan zuman Turai Sidni a jirgin ruwa, ya tsere ya cika kogunan itatuwa, har Ostireliya ta zama cikin ƙasashen da suka fi yawan zuman daji a duniya. Waɗannan ba rajista gare su ba, ba wanda ya san adadinsu. Dabarar da aka yi ita ce a kafa wuraren shan ruwan sukari a cikin da'irar ja, a bar ƙudajen daji su saba da zuwa, sannan a sa gubar fifuronil na ɗan lokaci, ma'aikaci na tsaye yana lura, su kwasa su kai gida amyar ta mutu. Masu kula da muhalli sun nuna damuwa, don ƙasar na da nau'in ƙudan zuma na asali fiye da 1,500 waɗanda kaskar ba ta taɓa su, amma guba ba ta san wannan ba.

Me ya sa aka yarda da wannan ɓarna duka? Ba don zumar sha ba ce kawai. Gonakin almon da ke kwarin kogin Murray, a iyakar New South Wales da Victoria da Kudancin Ostireliya, suna fure a watan Agusta, kuma kusan ba sa 'ya'ya sai ƙudan zuma ya yi musu barbara. Kowace shekara ana loda amyoyi sama da 200,000 a manyan motoci a kai su can. Ga tuffa, ga ceri, ga afokado, ga masu noman iri, da yawansu sun dogara da zuman daji da ke yi musu aiki kyauta ba su ma sani ba. Shi ya sa kuɗin yaƙin ba jiha ɗaya ta ɗauka ba. Gwamnatin tarayya da jihohi da ƙungiyoyin manoman da abin ya shafa ne suka raba shi, bisa wata yarjejeniya da aka riga aka ƙulla don irin wannan rana.

Inda tulun ya yi yoyo

Tun a watan Yulin 2022 alamun farko suka bayyana. An ga kaskar a Narrabri, can cikin ƙasa, an gan ta a Nana Glen kusa da Coffs Harbour, kowanne ɗaruruwan kilomita daga Newcastle. Ƙudan zuma kuwa kiwonsa 'yan kilomita ne daga gida. Ba fiffike ne ya kai ta can ba, taya ce. Da aka bi sawu kuma sai ya bayyana cewa kaskar ta riga ta yi watanni a yankin Newcastle kafin amyoyin gadi su nuna ta. Wato ranar 22 ga Yuni ba ranar shigowarta ba ce, ranar da yawanta ya kai a gan ta ce.

Duk da haka an ci gaba, kuma na ɗan lokaci kamar za a ci nasara. Sababbin wuraren da ake samu yawanci suna cikin da'irorin da aka riga aka zana, ko kuma ana iya danganta su da wata amya da aka sani. An sassauta dokar hana motsi a sauran sassan jihar, da sharaɗin mai amya ya wanke samfurin ƙudajensa da sifirit, ya ba da rahoto, ya karɓi izini. Ba yadda za a yi: in an hana amyoyi zuwa gonakin almon, an kashe wata sana'ar don a ceci wata. Gaba kura ne, baya sayaki.

A watan Agustan 2023 ne ƙwai ya fashe. Aka gano tarin amyoyi masu kaska a yankin Kempsey, arewa da Newcastle, a waje da duk wata da'irar ja. Kafin a ankara, wasu amyoyin yankin sun riga sun tafi aikin almon a kudu maso yammacin jihar, wuraren Euston da Balranald da Euroley da Nericon, suna zaune cikin dubban amyoyi da suka zo daga ko'ina kuma za su koma ko'ina. Hukumomi sun ce akwai waɗanda suka motsa amyoyi ba bisa ƙa'ida ba, akwai kuma waɗanda ba su yi gwajin da aka wajabta ba.

Na yarda an yi hakan. Kuma duk wanda ya san mutane ya san dalilin: in sakamakon faɗin gaskiya shi ne a kashe maka komai, kai da maƙwabtanka na kilomita 10, to dokar da kanta tana koya wa wasu yin shiru. Amma ina ganin ɗora laifin duka a kan masu karya doka barin jaki ne ana dukan taiki. Ko da kowa ya bi ƙa'ida ɗari bisa ɗari, akwai wani rami a cikin gwajin kansa.

Lissafin ƙudaje 300

Ga yadda ake wankin sifirit. A ciro saƙar da ke da tsutsa, a tabbatar sarauniya ba ta kai, a kakkaɓe ƙudajen cikin roba, a ɗebi rabin kofi, wato kimanin ƙuda 300, a zuba su cikin sifirit a girgiza sosai, a tace, a ƙirga kaskar da ta faɗo. Gwaji ne mai kyau, mai arha, kuma don auna yawan kaska a amyar da aka san tana da ita, babu kamarsa. Amma a New South Wales wani aiki dabam aka ba shi: ya rantse cewa babu ko ɗaya.

A ce amya na da ƙudaje 40,000 da kaska 20. A ce 12 suna ƙarƙashin murfi, 8 suna kan manyan ƙudaje. In ka ɗebi 300, damar ka ci karo da ko guda ɗaya ba ta wuce kamar 6 cikin 100 ba. Sau 94 cikin 100 za ka ga sifirit fes, ka rubuta babu da zuciya ɗaya, a ba ka izini, ka loda mota. In yawan na ninkawa duk wata, kaska 20 ɗin nan bayan wata shida sun zama 1,280, bayan wata takwas sun haura 5,000. A lokacin kam kowa zai gan su, amma amyar ta riga ta je wurare uku, ƙudajenta sun yi ɓatan kai cikin amyoyin maƙwabta, mazanta sun shiga duk gidan da suka ga dama, don ba a cika hana namijin ƙuda shiga ba.

Ma'aikatan hukuma suna da hanyar da ta fi wannan gani: a rataya tsirin magani a cikin amya, a shimfiɗa takarda mai danƙo a ƙasa, a dawo bayan kwanaki a ƙirga abin da ya faɗo. Wannan ya fi kama kaska in ba ta da yawa, amma yana cin lokaci da ma'aikata, ba ya taɓa wadda ke ƙarƙashin murfi, kuma ba a rataya shi a kogon itace mai tsayin mita ashirin. Taswirar da ake zana da'irori a kanta kullum tana nuna inda kaskar take watannin baya ne. Duk yaƙin, ihu ake yi bayan hari.

Ranar 19 ga Satumba, 2023, kwamitin ƙasa da ke jagorantar aikin ya yanke cewa kawar da kaskar ba zai yiwu ba. Wata goma sha biyar ke nan. An kashe amyoyi fiye da 30,000, an kashe kuɗi kusan dalar Ostireliya miliyan 100, wuraren da aka tabbatar da kaskar sun haura 250.

Ko ya kamata a gwada tun farko? Niyu Zilan da ta ga tata a 2000 ta auna ta ce ba za ta gwada ba, kuma ba a taɓa samun ƙasar da ta kawar da wannan kaska bayan ta shiga zuman daji ba. A ganina watannin farko suna da hujja, don ba wanda ya san iyakar yaɗuwarta, kuma abin da ake ƙoƙarin karewa ya fi abin da aka kashe nesa ba kusa ba. Jinkirin ma ya yi amfani: an samu lokacin ba magunguna izini, da shigo da su, da fara koyar da mutane. Inda nake da ja shi ne tsawon lokacin. Da aka ga kaskar na ɓullowa nesa da inda ake zato, kuma aka fahimci ta riga mu shiga da watanni, ya kamata a faɗa wa masu amya a fili iyakar da in an kai ta za a tsaya. Wanda aka kashe wa amyoyi a watannin ƙarshe ya biya farashin yaƙin da an riga an sha kaye a cikinsa.

Bayan an ajiye makami

A watan Fabrairun 2024 aka amince da shirin shekara biyu na koya wa masu kiwo zama da kaskar: tarurrukan horo a jihohi, da jami'an da ke bi gona-gona suna nuna yadda ake gwaji da magani. Gwangwanin sifirit ɗin nan da ya kasa tsare iyaka sai ga shi ya koma aikinsa na ainihi, kuma a nan ya yi daidai. A lokacin, a New South Wales an wajabta yin gwajin aƙalla duk mako 16, amma a inda kaskar ta yi yawa wannan tazara ta yi faɗi. Wanda ke son amyarsa duk wata yake dubawa. Jagororin ƙasashe da yawa suna sa iyakar a kaska 2 zuwa 3 cikin ƙudaje 100, wato 6 zuwa 9 a rabin kofi, kuma ƙasa da haka a farkon kakar hayayyafa. In an kai nan, magani ake sawa, ba jira ba. Amyar da ta cika da ƙudaje, tana shigo da zuma, tana iya zama ta kusa mutuwa, don wadda ta fi tsutsa ita ta fi kiwon kaska.

Shekarun farko su suka fi wuya, kuma an ga haka a kowace ƙasa. Zuman daji ba mai yi masa magani. In amyar daji ta raunana, ƙudajen amyoyi masu ƙarfi su je su kwashe zumarta, su dawo gida da kaska a baya. Mutum ya yi magani yau, ya ƙirga ya ga sifiri, bayan 'yan makonni ya tarar da gomomi. Ba maganin ne ya gaza ba, daga waje ake kawo masa. A gabar tekun gabas kuma akwai wani mai jiran gawa, ƙaramin buzuzun amya da aka fara gani a ƙasar a 2002, wanda da amya ta yi rauni tsutsotsinsa ke ruɓar da saƙa da zuma cikin kwanaki.

Magungunan kowanne da inda yake ciwo. Akwai tsirin roba mai ɗauke da guba da ake ratayewa tsakanin saƙar tsutsa: Bayvarol mai fulumetirin, Apistan mai fulubalinet, Apivar mai amitaraz. Suna kashe kaskar da ke kan ƙudaje kaɗai, shi ya sa ake barin su mako shida zuwa sama, har waɗanda ke ƙarƙashin murfi su fito layi-layi su taɓa. Haɗarinsu shi ne kaska na sabawa da su. A arewacin Italiya fulubalinet ya fara gazawa tun farkon shekarun 1990, Amurka da Ingila suka biyo baya. Abin da ke kawo haka sananne ne: maimaita magani ɗaya, rage adadinsa don tsimi, ko mantawa da tsirin a amya wata da watanni yana fitar da gubar da ba ta isa kisa ba. Wani kuskure da sababbi ke yi shi ne su ce sun canja magani don sun bar Bayvarol sun koma Apistan. Gida ɗaya suka fito, kaskar da ta fi ƙarfin ɗaya ta fi ƙarfin ɗayan. Fulubalinet kuma yana taruwa a cikin kaki ya daɗe.

Sai masu tururi da masu tsami. Asid ɗin fomik shi kaɗai ke ratsa murfin kaki ya kashe ta ciki, amma in zafi ya doshi digiri 30 yakan kashe tsutsa, wani lokaci har da sarauniya. Taimol ma na son matsakaicin yanayi, kuma ƙamshinsa na kama zuma. Asid ɗin okzalik na da ƙarfi a kan kaskar da ke fili, ba ya shiga ƙarƙashin murfi, don haka ya fi aiki lokacin da amya ba ta da tsutsa.

A nan ne littattafan Turai da arewacin Amurka ba su yi wa Ostireliya daidai ba. Can sanyin hunturu na sa sarauniya ta daina ƙwai, kaska duk ta fito fili, a yi mata shara ɗaya. A yawancin gabar New South Wales kuwa sarauniya ba ta hutawa, kaska ma haka. Itatuwan turare kuma ba kalanda gare su ba, wani nau'in ya yi fure wannan watan, wani wata mai zuwa, masu kiwo na bin su da mota, akwatin tara zuma kusan kullum yana kan amya. Magunguna da yawa kuwa ba a yarda a sa su da wannan akwati a kai ba. Dole mai amya ya zaɓa: ko ya sauke akwatin ya yi asarar kakar, ko ya bar kaska ta ƙara wata guda tana ninkawa.

Shi ya sa dabarun da ba na guba ba suka samu kasuwa. Ana sa saƙar da aka tanada don guraben maza, in an rufe su a cire a daskarar, a tafi da kaskar da ta taru ciki. Amma wanda ya manta bai cire ba har mazan suka fito, da hannunsa ya gina mata gidan haihuwa. Ana kulle sarauniya a ɗan keji na kimanin mako uku, har duk tsutsar da ke rufe ta fito, a samar da hunturun ƙarya, sannan a sa okzalik. Ana raba amya biyu don a katse hayayyafar. Kowace dabara aiki ce ta hannu, mai sauƙi ga mai amya biyar, mai nauyi ga mai dubu biyu.

Dogon zango kuwa yana wajen ƙudan kansa. A dajin Arnot da ke jihar New York, Thomas Seeley ya ƙirga amyoyin daji a 1978, ya sake ƙirgawa a 2002 bayan kaskar ta zo, ya tarar da adadin bai ragu ba: waɗanda suka tsira sun sake cika dajin. A Afirka ta Kudu, inda aka fara ganin kaskar a 1997, ƙudajen yankin sun jure mata cikin 'yan shekaru ba tare da magani ba. Akwai ƙudajen da ke jin gurbin da kaska ke hayayyafa a ciki, su buɗe shi su fitar da tsutsar, kuma halin yana bin jini, masu kiwon sarauniya na iya zaɓensa. Zuman dajin Ostireliya, wanda aka bi da guba a 2022 don shi ne maɓoyar kaska, mai yiwuwa daga cikin ragowarsa irin da zai jure mata zai fito, bayan mafi yawansa ya mutu.

Kaskar kuwa ta ci gaba da tafiyarta. A watan Agustan 2024 aka gan ta a Nangiloc, kusa da Mildura a jihar Victoria, a lokacin furen almon. A watan Maris na 2025 ta ɓulla a kwarin Lockyer na jihar Queensland. A duka biyun ba a yi zancen kawar da ita ba. Magani aka sa, aka ce wa maƙwabta su ɗebi rabin kofi su ƙirga.